MATASA, A FITO DA WASAN KWAIKWAYO GINDIN DUTSE

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da zarar ya baro Tsafe ya doshi babban birnin Jihar Zamfara, ba sai an nuna masa Dutsen Kwatarkwashi ba, domin tun daga nesa dutsen yake tare wa matafiyi ido. Ga shi nan a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ya yi wa garin rumfa kamar yadda ya yi wa mutanen da. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kansa yau kuwa shi ne wata 'yar tambaya da muka yi wa yara a aji, wadda amsarta ta hana mu sakat.

Mun ce wa yaran nan, 'yan shekara 10 zuwa 14, kowa ya faɗi abin da ake samu a daji. Kafin mu rufe baki sai suka haɗa murya suka ce, "'Yan bindiga!" Muka ce to, ban da su fa? Aka yi tsit. Da ƙyar wata yarinya ta ce itacen girki. Muka tambayi wanda ya taɓa ganin maiki da idonsa, ba wanda ya ɗaga hannu, har wani yaro ya zaci abin nan da mawaƙa ke riƙewa a bakinsu muke nufi. Muka yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ba laifin yaran ba ne. Sun tashi ne a zamanin da uwa ba ta yarda ɗanta ya wuce bayan gari. A watan Fabrairun 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe, a watan Satumba na wannan shekarar kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, bayan an rufe kasuwannin mako. Ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu sun sha nasu rabon na wannan masifa. Yaron da ya girma cikin irin wannan hali bai taɓa bin wansa kiwo ba, bai je tsintar kanya ko ɗinya ba, bai san kukan kurciya daga na hasbiya ba. Ilimin daji da ake samu da ƙafa da ido ya tsaya a kan tsofaffi, su kuwa tsofaffin kullum raguwa suke yi.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ƙungiyoyin matasanmu masu wasan kwaikwayo su fito daga cikin gini su zo fili, inda kowa zai gan su, su yi wasa a kan dutse da itatuwa da tsuntsaye da ruwan da muke rayuwa a kansu, su kuma ɗebo labarin daga bakin tsofaffi tun suna da rai. Kusan kowace ikilisiya tana da irin waɗannan matasa. Lokacin Kirsimati da Ista mukan ga gwanintarsu, su sa mu dariya su kuma sa mu hawaye. Sai dai shekara da shekaru labarin bai wuce na mashayi da mai bin boka ba, masu kallon kuma su ne dai na bara. Wannan baiwa ta fi ƙarfin bango huɗu.

LABARIN MAIKI

In ana neman abin da za a fara da shi, ba sai an je nesa ba. Kwatarkwashi ta yi suna da maiki. A zamanin da akan yi bikin Baura, inda samari ke hawa dutsen su kamo wannan tsuntsu da ransa, bikin da aka daina shekaru masu yawa da suka wuce. Turawa masu nazarin tsuntsaye ma sun rubuta sunan dutsen a littattafansu, da rubutunsu na Kotorkoshi, a matsayin wurin da maiki ke taruwa yana sheƙa a Nijeriya.

Shi maiki babban ɗan'uwan ungulu ne. In ya buɗe fikafikansa faɗinsu kan kai mita 2 da rabi. A kan tsaunuka masu wuyar hawa yake sheƙa, garke guda, kuma ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, shi ya sa in aka kashe uwa ɗaya ba a saurin mayar da gurbinta. Ba a san tsuntsun da ya kai shi tashi sama ba. A watan Nuwamban 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300. Wannan shi ne tsuntsun da yaranmu ba su san sunansa ba.

A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya maiki da ungulu a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Mu ma shaida ne ba sai an faɗa mana ba. Da muna yara ba a raba mahauta da ungulu, yau kuwa sai mutum ya zaga mahauta da dama bai ga ko ɗaya ba. Dalilan sanannu ne: ana kama su ana sayar da kai da ƙafa da gashi ga masu haɗa magani, suna cin mushen da aka sa wa guba su mutu da yawa a lokaci guda, sannan ana sare manyan itatuwan da ungulu ke sheƙa a kai. Hausawa kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To, in an sare tsamiyar an yi turmi da ita fa, ina za ta koma?

Wani zai ce, mene ne abin damuwa don ƙazamin tsuntsu ya ƙare? Sai mu ce a tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake ba shanu, wanda ke kashe duk ungulun da ta ci mushen. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana ɓata ruwan sha, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a shekarar 2006 gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi wannan magani, bayan aikin gama ya gama. Ungulu duba-gari ce da ba ta karɓar albashi, gaskiyar masu iya magana da suka ce ba ta jewar banza.

Duk wannan bayani da muka jera, in aka karanta shi a taro rabin jama'a za su yi gyangyaɗi. Amma a sa wa yaro fikafikan buhu, ya shigo fili yana ɗingishi yana neman tsamiyarsa, a ga ko akwai wanda zai tashi. Gani ya kori ji.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada wani ya ce wannan shawara daga Turai aka kwaso ta. Tun kafin a gina zauren wasa ko ɗaya a ƙasar Hausa, a dandali ake wasa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tashe, inda yara ke bi gida-gida a watan azumi suna kwaikwayon halayen mutane. Akwai kalankuwa, wadda samari da 'yan mata ke yi bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi shari'a ana dariya. Akwai 'yan kama da ke kwaikwayon malamai. A fannin rubutu ma, ɗan ƙasar nan ne, Abubakar Tunau na Mafara, ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsabta da kiwon lafiya.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo irin su Michael Etherton suka fara fitar da ɗalibansu daga aji zuwa cikin Samaru da ƙauyukan kewaye. A shekarar 1977 sun kai Wasan Manoma ƙasar Soba, daga baya suka yi irinsa a Maska da Bomo. Darasin da suka koya a hankali shi ne, wasan da aka shirya a makaranta aka kai wa manomi kamar kayan sadaka bai cika kama zuciyarsa ba. Wanda ke kamawa shi ne wanda aka zauna da mutanen gari aka ji damuwarsu, aka gina shi da kalmominsu, aka kuma bar su su yi gardama a kansa. Daga baya mutane irin su Oga Steve Abah suka ci gaba da wannan aiki, har ya bazu a sassa da dama na ƙasar nan.

A Jamhuriyar Nijar ma, zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa shirya wasanni da Hausa suna gasa a bikin matasa na ƙasa, jama'a na cika fili don kallo. Ashe ke nan hanya a buɗe take, wasu sun riga sun bi ta, sawunsu kawai za mu duba.

YADDA ZA A YI

Mataki na farko shi ne saurare. Kafin a rubuta ko layi ɗaya, matasa su rabu biyu-biyu su je gaida tsofaffi: tsohon maharbi, tsohon makiyayi, Sarkin Fawa, tsohuwar da ta yi shekaru tana daddawa da man kaɗe. Su durƙusa su ce, "Baba, wane itace ne a da ya fi yawa a bayan gari wanda yanzu babu?" Su ce, "Inna, da kina yarinya ina kuke ɗebo ruwa da rani?" Su rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da ƙoramu yadda aka faɗa musu. Ko da wasan bai yiwu ba, wannan littafi kaɗai riba ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mataki na biyu, a gina wasan da abin da aka ji. Alal misali, a ce ungulu ta kai ƙara gaban alƙali cewa an rushe mata gida an kuma kashe mata dangi. A kira maiki ya sauko daga dutse ya ba da shaida. A kira mai gawayi, ya ce shi ma 'ya'ya bakwai gare shi, gonarsa kuma tana inda ba ya iya zuwa. A kira uwargida, ta ce kalanzir da gas sun fi ƙarfinta, da me za ta dafa tuwo? A kira mai kai kan ungulu kasuwa, ya ce in ba a saye shi ma ba zai kama ba. A kira mahauci ya faɗi yadda bayan mahauta yake wari tun da ungulu ta ƙaurace. Kada a mai da kowa mugu, domin a cikin masu kallo akwai mai gawayi na gaske, in aka kunyata shi a bainar jama'a ya tafi ke nan, ba zai sake tsayawa ba.

Mataki na uku shi ne wanda muka fi so a riƙe. In shari'a ta kai inda za a yanke hukunci, sai alƙalin wasa ya juyo ga jama'a ya ce, "Iyayena da yayyena, wannan shari'a ta fi ƙarfina, ku me kuka gani?" Daga nan wasa ya zama taron gari. Abin da mutane suka yanke da bakinsu shi suke riƙewa.

Kayan wasa kuma kada su zama dalilin zuwa neman kuɗi. Buhu da kara da kwali da toka da tsohon zane sun isa. Kada a taɓa gashin tsuntsu na gaske ko fatar naman daji, don kada a zo gyaran gira a rasa ido. Ganga ɗaya da murya mai ƙarfi sun wadatar. Labulen bayan fage kuwa Allah Ya riga Ya kafa shi, ga dutse nan tsaye.

AMSA GA MASU SHAKKA

Mun san akwai dattawan da za su ce, wannan dutse wurin tsafi ne a da, me zai kai 'ya'yanmu gindinsa? Tambaya ce mai kyau, ba kuma za mu raina ta ba. Ba mu ce a farfaɗo da Baura ba, ba mu ce a yi wa dutse yanka ko kirari ba. Dutse halitta ne, maiki ma halitta ne, Wanda Ya yi su Shi Ya yi mu, Ya kuma ba mu amanarsu. Mutanen da sun hau sun kamo maiki, jikokinsu su tsaya a ƙasa su roƙa masa arziki a bar shi ya rayu. Mu tuna kuma yawancin misalan da Ubangijinmu Ya koyar da su a fili Ya ba da su, a kan tudu da bakin ruwa, a kan mai shuka da tsuntsaye da itacen ɓaure.

Wasu za su ce, a wannan hali na rashin tsaro wa zai tara jama'a a waje? Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ran yaro ɗaya ya fi wasa dubu. Saboda haka muke cewa ba hawa dutse, ba shiga daji, ba wasan dare. A yi shi cikin gari, a filin makaranta ko dandalin unguwa inda ake hango dutsen, bayan la'asar, a watse kafin magariba. A nemi izinin mai unguwa da hakimi, a sanar da jami'an tsaro. In suka ce a dakata, a dakata ba gardama. Amma kada mu yarda tsoro ya ƙwace mana har dandalin ƙofar gida, bayan ya riga ya ƙwace mana daji.

Akwai kuma batun zama da maƙwabta. Mafi yawan mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, jihar kuma tana bin tsarin shari'a tun shekarar 2000. Wajibi ne a kiyaye mutunci wajen sutura da kalamai da wurin zaman maza da mata. Abu ɗaya kuma muke gargaɗin matasanmu a kansa da babbar murya: in kun ce wa mai unguwa wasan itace da tsuntsu za ku yi, to ku yi wasan itace da tsuntsu. Kada ku mai da shi ƙofar baya ta wa'azi. Wa'azi yana da wurinsa da lokacinsa, ba a kuma yin sa da yaudara. In kuka ci amana sau ɗaya kun rufe ƙofar ga na bayanku. Mafi kyau ma ku gayyaci samarin unguwa Musulmi a shirya wasan tare tun daga farko, domin in rijiya ta ƙafe ba ta tambayar addinin mai guga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe su ne masu cewa wasa ba ya tsirar da itace. Gaskiyarsu. Shi ya sa kowane wasa ya kamata ya ƙare da aiki guda ɗaya wanda talaka zai iya yi ba tare da kuɗi ba. Ga misali daga Maraɗi. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da awaki, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Mutanen wajen suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Manomi ya koya wa manomi, har aka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a sayi irin dashe ba, ba a ɗebi ruwan ban-ruwa ba.

Wannan dabara za a iya nuna ta a fage cikin minti biyar, da lauje da kututture ɗaya. A nuna gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. A nuna ɗorawa da kaɗanya da kuka, waɗanda miyar gidanmu ta dogara a kansu. In mutum goma cikin masu kallo suka koma gonakinsu na kusa da gari suka bar toho biyar-biyar, wasan ya biya kuɗin sabulu.

KIRA

Muna kira ga shugabannin matasa su sa wannan magana a taronsu na gaba. Lokacin kaka ya fi dacewa, sa'ad da aiki ya yi sauƙi hatsi kuma ya shigo gida, ko kuma Asabar ta farko a watan Satumba, wadda aka keɓe a duniya don tunawa da ungulu. Muna roƙon fastoci da dattawa su ba yaran nan dama da shawara, kada a kashe musu gwiwa tun ba su fara ba. Muna roƙon iyaye mata na zumunta su buɗe baki su ba da labarin da suka sani. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, su ma su kawo abin da suka karanta a haɗa da na tsofaffi.

Muna sa zuciya wata rana zaman lafiya zai dawo, hanyar daji ta sake buɗewa. Tambayar ita ce, ranar da yaran nan za su fita, za su san abin da suke kallo? Za su tarar da tsamiya a tsaye, su ɗaga kai su ga maiki yana shawagi a kan dutse su kira shi da sunansa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya kuma ba matasanmu hikima da ƙarfin hali. Amin.